Darasi na Tara: Ziyarar Fadoji da Tsofaffin Gidajen Sarauta a Ƙasar Kano

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambance fada da ribaɗi da gidan tarihi;
2. bayyana dalilin kafa gidan sarki a Fanisau da alaƙarsa da gonakin arewacin Kano;
3. gane kayan da aka yi ginin gargajiya da su da amfanin kowanne;
4. lissafa tazarar shekaru tsakanin gine-gine;
5. shirya ziyara bisa ladubban da aka sani a gidajen sarauta.

1. Ginin tarihi

Ana kiran gini ginin tarihi idan ya daɗe a tsaye kuma yana ɗauke da shaidar yadda mutanen da suka gabata suka yi mulki, ko suka tsare kansu, ko suka gudanar da sana'o'insu. A karkarar arewacin Kano, wato ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, inda gona take manne da gona kuma da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai tarar da gida ba, irin waɗannan shaidu suna da yawa, sai dai sabo ya sa ba a cika lura da su ba. Tudun da ya kewaye tsohon gari yana iya zama ragowar ganuwa, kwarin da ke bayansa kuma gwalalo ne da ƙasa ta cike, sannan kududdufin bakin gari shi ne ramin da aka haƙi ƙasar da aka gina garin da ita.

> Akwatin kalmomi na 1
> Fada: gidan da sarki yake zaune, inda yake karɓar gaisuwa da gudanar da mulki.
> Ganuwa: katangar ƙasa mai kauri da ta kewaye gari domin tsaro.
> Gwalalo: ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa domin hana dawakin abokan gaba kusantarta.
> Ribaɗi: gari mai ganuwa da aka kafa a bakin iyaka, aka zaunar da mayaƙa a cikinsa.
> Gidan tarihi: wurin da ake adana tsofaffin kayayyaki domin jama'a su gani su ilmantu.

2. Gidan Rumfa da Gidan Makama

Manoman arewacin Kano sun daɗe suna shiga birni da jakunansu ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau, su kai hatsi da itace, su komo da taki, saboda haka ganuwar birni ba baƙuwarsu ba ce. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin sarakunan da suka biyo baya, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi Rumfa ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne kuma malamin nan Al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki.

Gidan Rumfa yana da faɗin kimanin eka 33, kuma bai taɓa zama kango ba, domin sarakunan Haɓe sun zauna a cikinsa, na Fulani suka gaje shi bayan jihadi, aka kuma ci gaba da zama a cikinsa bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Wannan shi ne abin da ya kamata mai ziyara ya fara fahimta: gida ne da mutane suke kwana suke tashi a cikinsa, kowane sarki yana rushe wani sashe ya gina wani, don haka ba kowane bango ne ya kai shekarun Rumfa ba. Baƙo yakan tsaya a Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta, ba ya wucewa ciki sai da izini da ɗan jagora.

Kusa da fadar akwai Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta. An mayar da wani sashe nasa gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979, kuma a nan ne ɗalibi zai ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni da makamai da hotunan sarakuna, ya kuma ɗaga kai ya kalli rufin soro da kyau ba tare da fargabar ya keta haddin kowa ba. Ajin da bai taɓa fita ziyara ba zai fi amfana idan ya fara daga nan.

Misali na 1: lissafin shekaru. Ana gane tsawon mulki ta hanyar debe shekarar hawa daga shekarar ƙarshe: 1499 a debe 1463, saura 36, wato Rumfa ya yi shekara 36 yana sarauta. Sarki Ibrahim Dabo, wanda za a yi bayaninsa a gaba, ya hau gadon sarauta a 1819. Idan aka debe 1499 daga 1819 za a sami 320, ke nan Gidan Rumfa ya haura shekara 300 kafin a fara maganar gidan sarki a Fanisau. Duka biyun ana ce musu tsofaffin gidaje, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Dabo da yau.

3. Fanisau: gidan sarki a tsakiyar gonaki

Ga mutumin arewacin Kano, gidan sarautar da ya fi kusa da shi, ya kuma fi shafar tarihin ƙasarsa, shi ne na Fanisau a ƙaramar hukumar Ungogo. Lokacin da Ibrahim Dabo ya zama Sarkin Kano a 1819, wasu manyan ƙasa sun ƙi yi masa mubaya'a, wanda ya fi tsanani a cikinsu kuwa shi ne Ɗan Tunku, mai ƙarfi a yankin Ɗambatta, wanda ya riƙa kai hare-hare a ƙauyukan arewa har kusa da birni. Domin tare wannan hanya Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, ya gina gida a cikinta, ya riƙa zama a can da kansa yana shirya rundunarsa. Matafiyin nan Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya iso Kano a farkon 1824, a Fanisau aka kai shi ya gaida sarki. Rikicin bai lafa ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince da Kazaure, inda Ɗan Tunku ya kafa zamansa, a matsayin masarauta mai cin gashin kanta.

Bayan yaƙi ya kwanta Fanisau ba ta rasa muhimmancinta ba, domin ta zama cibiyar gandun sarki, wato manyan gonakin da ake noma wa fada, daga inda gero da dawa suke tafiya birni domin ciyar da mutanen gidan sarki da baƙinsa da dawakinsa. Wajibi ne a faɗa a fili cewa akasarin waɗanda suka yi wannan noma a ƙarni na 19 bayi ne, waɗanda aka kamo a yaƙi ko aka saya, kuma duk bayanin da ya ambaci sarkin da ya ba da umarnin gini ya tsallake hannuwan da suka kwaɓa ƙasa suka yi huɗa, to ya bar rabin tarihin a baya. Jikokin waɗannan mutane suna nan a yankin, manoma ne da 'yan kasuwa da malamai, saboda haka mai tambaya ya yi tambayarsa da ladabi, kada ya mayar da asalin wani abin zolaya.

Alaƙar Fanisau da fada tana bayyana a Hawan Fanisau, wanda bisa al'ada ake yi a kwanakin Babbar Sallah bayan Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, inda sarki yake fita da hakimansa ya yini a wannan gida, kamar yadda a Ƙaramar Sallah yake fita Ɗorayi. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take ƙoƙarin adanawa. Ranar hawa rana ce ta kallon dawaki da kayan ado, ƙura da cunkoso ba sa barin mutum ya tsaya nazarin gini, don haka ajin da yake son ganin gidan kansa ya nemi izinin zuwa a wata ranar dabam.

Gidajen hakimai su ne mataki na gaba bayan gidajen sarki. A da manyan masu sarauta a birni suke zaune suna aika jakadu ƙauyukan da suke riƙe da su, sai a shekarun farko na mulkin Turawa aka yanka ƙasa gunduma-gunduma aka tura kowane hakimi ya zauna a tasa. Ta haka Dawakin Tofa ta zama mazaunin Madakin Kano, Ɗambatta kuma mazaunin Sarkin Bai, su biyun suna cikin masu zaɓen Sarkin Kano.

> Akwatin kalmomi na 2
> Gandun sarki: babbar gonar da ake noma wa fada.
> Zaure: ɗakin shiga gida, inda maigida yake ganawa da baƙi maza.
> Shigifa: ɗaki na biyu bayan zaure, wanda babu mai wuce shi sai na gida.
> Soro: ɗakin ƙasa mai rufin azara da ƙasa.

4. Kayan gini da yadda ake karanta su

Manomi ya fi kowa damar fahimtar ginin gargajiya, domin babu wani abu a jikinsa da bai fito daga gona ko daji ko wata sana'ar ƙauye ba. Ana fara aikin da rani, a haƙo jar ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a mulmula tubali, mai faɗi a gindi da tsini a sama, a shanya a rana. Magini yana jera su faɗin a ƙasa, yana cike tsakaninsu da ɗanyar ƙasa, yana kuma rage kaurin bango yayin da yake hawa sama. Kaurin nan shi ne yake sa soro ya yi sanyi da tsakar rana a bazara, ya kuma riƙe ɗumi da dare a lokacin hunturu.

Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato gangar giginya da aka tsaga gida-gida, wadda aka zaɓa saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara tana da iyaka, domin idan tazarar ta wuce kimanin mita 2 takan lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. Daga wannan matsala ne gwanintar maginan Hausa ta fito: sukan dasa azara a cikin bango su ɗaure wata a kanta, kowace tana ɗan leƙowa gaba fiye da ta ƙasanta, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa su zama baka. Idan bakuna da yawa suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ake kira ɗaurin guga. Mafi shaharar masu wannan aiki shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Yawan bakunan zaure da tsawonsu suna nuna matsayin mai gidan, domin kowane baka ƙarin azara ne da ƙarin kwanakin aiki.

Abin da ya rage shi ne kare ginin daga ruwa, wanda shi ne babban abokin gabarsa. Bango ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa daga katsi, wato abin da yake kwantawa a ƙasan rijiyar rini a kwashe a ƙona a daka, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. A rufin soro guda ke nan akwai hannun marini da na majemi da na mai saran giginya, kuma idan marina ta mutu a gari, ko giginya ta ƙare a fadama, gyaran soro yakan yi wuya tun kafin a rasa maginin.

> Akwatin kalmomi na 3
> Tubali: curin ƙasa da aka busar a rana domin gini.
> Azara: tsagin giginya da ake rufi da shi.
> Baka: lanƙwasasshen tokari na azara da ƙasa mai ɗauke da rufi.
> Zanko: ƙahon ƙasa da ake ɗorawa a kusurwar soro.
> Indararo: mazurarin da ke fitar da ruwan sama daga rufi nesa da bango.

Misali na 2: faɗin zaure. A ɗauka cewa ɗalibai sun auna zauren dagacinsu sun sami faɗin mita 6. Tun da azara ɗaya tana ɗaukar kimanin mita 2, sai a raba 6 gida 2, a sami 3, wato rufin ya kasu kashi uku, kuma kashi uku suna bukatar abin tokari guda biyu a tsakani. Ɗalibai sai su ɗaga kai su duba: in sun ga ginshiƙai a tsakar ɗaki, maginin ya bi hanya mai sauƙi, in kuwa sun ga bakuna biyu sun tsallaka daga bango zuwa bango, tsakar ɗakin kuma fili ce, to aikin gwani ne. Daga nan su fita su duba ƙarƙashin indararo, domin zaizayar da ke wurin ita ce take nuna ko ana kula da ginin.

5. Ladubban ziyara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, mutane kuma sun sami sarari. Ba a zuwa gidan sarauta kwatsam. Malamin aji yakan sanar da mai unguwa, shi ya kai ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, a sa rana. Ana cire takalmi kafin a shiga zaure, a durƙusa a yi gaisuwa, ba a miƙa wa basarake hannu sai in shi ya fara miƙowa, ba a kuma ɗaukar hoto da waya sai an tambaya. Maza iyakarsu zaure da farfajiya, ɗalibai mata ne kaɗai ake iya shigarwa cikin gida in an yarda, kuma wannan dama ce babba, domin dattijan mata sukan riƙe tarihin ɗakuna da na waɗanda suka zauna a cikinsu fiye da yadda maza suke riƙewa.

Misali na 3: a ƙofar gidan hakimi. Malamin aji ya tarar da wani dattijo bafade a kan dakali, ya durƙusa ya ce: "Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa. Mu ne ɗaliban da dagaci ya yi wa iso." Dattijon ya amsa: "Maraba, Malam. Ku aje takalmanku a nan, bari a sanar." Da aka shigar da su malamin ya ce: "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Mun zo gaisuwa, muna kuma neman izinin ganin zaure da jin tarihinsa." Fadawa suka amsa: "An gaishe ku." A lura cewa gaisuwa ce ta fara zuwa kafin bukata, kuma mutum ɗaya ne ya yi magana a madadin kowa. Tambayoyin da suka fi amfani bayan haka gajeru ne: a zamanin wane hakimi aka gina, daga ina aka haƙo ƙasa, wane ne maginin, yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe. A rubuta amsar tare da matsayin wanda ya bayar, in kuma dattawa biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun.

6. Kiyaye gine-gine

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da gyaran shekara-shekara, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe kafin ruwan farko, kuma soron da aka yi wa sakaci damina biyu ko uku yakan rufta a ruwan Agusta. Kuskuren da ya yawaita a yanzu shi ne shafe bangon ƙasa da siminti da niyyar ƙarfafa shi, alhali siminti ba ya kama ƙasa, yakan tsage ruwa ya shige ta bayansa ya kasa fita, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ganuwar Kano, wadda aka sa cikin jerin wuraren da Najeriya take nema wa amincewar UNESCO tun 2007, ta sha wata irin ɓarnar, ta masu ɗibar ƙasa da masu gini a kanta, wasu ƙofofinta kuma an rushe su domin faɗaɗa titi aka sake su da siminti.

Matsalar ba ta ginin ƙasa kaɗai ba ce. A tsibirin Zanzibar da ke gaɓar Tanzaniya, wani sashe na fadar Beit al-Ajaib, wadda Sarki Barghash ya gina a 1883, ya rufta a watan Disamba na 2020. A Ingila wata ƙungiya mai suna National Trust, da aka kafa a 1895, tana karɓar tsofaffin gidajen manya ta buɗe su ga masu ziyara, ta yi gyara da kuɗin shiga da na mambobinta. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa mutanen gari ne suke fitowa kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu a rana guda. Wannan hanya ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da abin da ƙauyukan Kano suka riga suka sani, wato aikin gayya, kuma ba ta bukatar jiran kasafin kuɗin kowace hukuma, sai dai tana bukatar magini wanda ya san haɗin makuba da laso, da matasan da za su tsaya kusa da shi su koya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin fada da ribaɗi? Kawo misalin kowanne daga ƙasar Kano.
2. Me ya sa Sarki Ibrahim Dabo ya riƙa zama a Fanisau, kuma yaya rikicinsa da Ɗan Tunku ya ƙare?
3. Su wane ne suka noma gandun sarki a ƙarni na 19, kuma me ya sa ya kamata a ambace su a tarihin fada?
4. Shekara nawa ne tsakanin hawan Dabo a 1819 da zuwan Turawa a 1903?
5. Zaure mai faɗin mita 8 zai bukaci abin tokari nawa, idan azara ɗaya tana ɗaukar mita 2?
6. Faɗi abubuwa uku da ake haɗa laso da su, da sana'ar da biyu daga cikinsu suke fitowa.
7. Bayyana yadda siminti yake cutar da bangon ƙasa.
8. Ta hannun su wane ne ake neman izinin ziyartar gidan hakimi?
9. Aikin gida: nemi gini ko ragowar ganuwa mafi tsufa a garinku, ka tambayi dattawa biyu tarihinsa, ka rubuta abin da suka faɗa cikin jimla goma.